Ƙoƙon Inno da Ƙoƙon Gwaggo

Mutanen unguwarmu, can gefen Durun, suna da wata ɗabi'a wadda har yau in na tuna ta sai raina ya sosu, ko da yake ni ma a cikinta na tashi. Mace ta ɗauki ciki wata tara, ta durƙusa tsakanin rai da mutuwa, ta haifo ɗanta na fari, sannan ta kau da kai kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Wai kunya ke nan. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi sai ta jira wani ya ɗaga shi. Kowace uwa tana yi, amma yawanci ana yi ana sassautawa. In an faki idon mutane a shafa kan yaro, a cusa masa ɗan ƙuli-ƙuli a hannu. Inno matar Mato kuwa ba ta san wani abu wai shi sassauci ba. Daga gidan Fulanin Kutama aka auro ta, kuma ta zo da kunyar gidansu cif, ko kaɗan ba ta zubar a hanya ba.

'Yar farinta ita ce Uwaliya. Ana yaye ta aka miƙa ta ga Gwaggo Asibi, yayar Mato, wadda ta yi aure uku ba ta taɓa ko ɓatan wata ba, ta gaji ta dawo gidan ƙanenta ta kama ɗaki kusa da rumbuna. To gida ɗaya ne, tsakar gida ɗaya, turmi ɗaya. Uwaliya ta girma tana ganin uwarta safe da yamma, tana jin yadda take kiran ƙannenta da sunayensu, har da ɗan jan muryar nan da uwa ke yi wa sunan ɗanta. Ita kuwa sunanta a bakin Inno "ke", in an matsa "'yar Asibi". In Inno ta dafa wani abu mai daɗi tana so ya kai gare ta, sai ta ajiye kwanon a bakin murhu, ta dubi sama ta ce, "Wani ya ɗauke kwanon nan kafin kaji su ɓarar." Uwaliya ta san ita ce wanin, sai ta je ta ɗauka.

Gwaggo Asibi ba ta da wannan ciwon. Mace ce mai faɗa, mai dariya har da buga cinya, bakinta ja wur da goro da fure. Ta goya yarinyar har ƙafafunta suna neman taɓa ƙasa, ta yi mata kitso, ta yi dambe da matan unguwa a kanta, ta sai da daddawa ta tara mata kwanukan aure. Ba mai cewa Uwaliya ta tashi cikin maraici. Amma zuciya ba ta da ƙashi, kuma abin da aka hana ta shi take leƙe. Abu ɗaya Uwaliya take so a duniya, ba ta kuwa taɓa faɗa wa kowa ba: ta ji da kunnenta, ko sau ɗaya ne, Inno ta ce ita ta haife ta.

Bayan yaƙin Bama da 'yan shekaru, da kaka, Uwaliya ta dawo gida goyon ciki daga Unguwar Tudu, inda take auren wani manomi Dalhatu. Cikin fari ne, ya tsufa, ya sa mata kasala da wani irin barcin rana mai daɗi wanda ba barci ba ne sosai. Dama tun tana yarinya mai tafiyar tunani ce. A aike ta rijiya, ta tsaya kallon gajimare har a biyo sawu. Yanzu kuwa abin ya samu wuri. Takan shimfiɗa tabarma a gindin cediyar tsakar gida, an baza gyaɗa tana shan rana, ƙamshinta ya cika gidan, ana jiyo daka can nesa, ta lumshe ido ta lula. Wani lokaci ta ga ta koma ƙarama, ana tafe da ita a goye ta cikin gonar gero, ba ta ganin fuskar mai goyon, sai ƙeyarta da ƙamshin man shanu a gashinta. Ta yi ta leƙe ko ta gane wace ce, kafin ta gane ɗan cikin ya shure ta, ta farka. Wani lokaci kuma ɗan take gani, ya fito har ya yi wayo, yana tsaye gabanta yana jira ta kira shi, ita kuwa bakinta ya ƙi buɗuwa. Wannan shi ke tsorata ta. Ta san ranar tana zuwa da za a zuba ido a ga ko 'yar Inno ta gaji kunyar Inno.

Ana cikin haka mai unguwa ya sa aka yi shela cewa wata Baturiyar asibiti ta sauka a barikin Gwarzo, ta gama da Kabo, yanzu tana bin ƙauyuka tana ƙirga haihuwa. Ba ƙirgar kawuna irin ta haraji ba, haihuwa dai: kowace mace nawa ta haifa, maza nawa, mata nawa, nawa suka tsaya, nawa suka koma. Maza suka taru a dandali suna gunaguni. Ya'u, wanda ya yi soja ya dawo yana cewa ya san Bature kamar yunwar cikinsa, ya rantse shiri ne na sa wa 'yan ciki haraji. Mata kuwa abin da ya dame su daban. A wurinmu ba a ƙirga 'ya'ya da baki. Ka tambayi mace 'ya'yanta nawa, sai ta ce, "Suna nan, alhamdu lillahi," don gudun baki da ido. Amma umarni daga hakimi ya fito, kuma an ce kowace ta zo da ƙoƙonta. Ƙoƙon nan shi ya fi ɗaure wa mutane kai, har wasu suka ce magani za a raba.

Uwaliya tana taya Gwaggo tsintar kalwa sai ta ce, kamar ba da wata manufa ba, "Gwaggo, wai kowa za a tambaya?"

"Haka suka ce. Aikin banza, wai a ƙirga abin da Allah ya riga ya ƙirga."

"Har Inno?"

Gwaggo ta dakata da tsintar, ta dubi yarinyar da ta raina. Uwaliya ta sunkuyar da kai tana juya ƙwayar kalwa ɗaya a tafin hannu. Gwaggo ta ce, "Har ita mana. Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi." Ta ci gaba da aikinta.

Ranar ta zo. Da hantsi matan unguwa suka cika tsakar gidan mai unguwa, a inuwar tsamiya, kowace da ƙoƙonta a cinya. Baturiyar doguwa ce siririya, da malafa a ka, tana ƙamshin sabulun asibiti. Kafin ta gama zama a kujera an riga an raɗa mata suna Maiturare. Tare da ita akwai Malama Bilki, wata Bakanuwa ungozomar asibiti, mai farin kallabi da daɗin baki, ita ce tafinta. Ta yi gaisuwa mai tsawo yadda ya kamata, ta tambayi gida da yara da gajiyar kaka, sannan ta sa aka ajiye kwando biyu a gabanta, ɗaya ɓararriyar gyaɗa, ɗaya farin wake, da faifai a gefe.

Ta ce, "Iyayena, na san ba a ƙirga 'ya'ya da baki, ni ma 'yar gida ce. Shi ya sa ba wadda za ta buɗe baki. Ga gyaɗa, ga wake. Namiji gyaɗa, mace wake. Wanda yake raye ki jefa a ƙoƙonki, wanda ya koma ki ɗora a faifan nan. Ita ta duba ta rubuta, ke ki kwashe abinki ki tafi da shi gida, ba za mu riƙe wa kowa ɗa ba. Abu ɗaya nake roƙo, don girman Allah: har da na fari. A wani ƙauye wajen Kabo sai da muka sake aikin wuni guda, don lissafi ya nuna wai matan garin duk da na biyu suke fara haihuwa."

Wurin ya kaure da dariya, wasu suna rufe fuska da gefen mayafi. Wata tsohuwa Hajaratu, wadda shekaru suka ba ta ikon tambayar duk abin da ta ga dama, ta nuna Baturiyar da haɓa ta ce, "Ita nawa ta haifa?"

"Ba ta yi aure ba, Inna."

"Ayya. Shi ya sa take ƙirga na mutane."

Aka sake dariya. Gwaggo Asibi, wadda kullum ita ke kan gaba a wurin dariya, wannan karon ba ta taya ba.

Hajaratu ba ta ƙyale ba, ta ce in an ƙirga a yi me da shi. Malama Bilki ta juya ta yi magana da Maiturare da Turanci, suka ɗan jima, sannan ta ce ana so a san inda yara suka fi komawa, don a san inda za a fara kai magani. Ta ce kuma ba mu kaɗai ake ƙirgawa ba, duniya duka ake bi. "Ta ce a ƙasarsu mace ta haifi biyu ko uku ta ce ta gama. Akwai garuruwan da tsofaffi suka fi yara yawa, a yi wata da watanni ba a yi taron suna ba. Akwai ƙasar da yaƙin nan ya cinye mazanta, mata ke noma, mata ke haƙa kabari, 'yan mata suna tsufa a ɗakin iyayensu. Akwai kuma can gabas inda ake haihuwa kamar mu, yara ko'ina kamar 'yan tsaki. Kuma ta ce duk inda aka ƙirga, sai a ga Allah yana aiko maza su ɗan ɗara mata yawa ranar haihuwa, amma matan sun fi riƙe rai, in an kai tsufa su ake tararwa."

Hajaratu ta ce, "Wannan ko ba ta faɗa ba mun sani. Mazan aure uku na binne."

Uwaliya tana zaune a baya, ta jingina da katangar zana, ciki ya yi mata nauyi. Ba ta ji ƙarshen maganar ba, don tun daga garin tsofaffin nan ta sauka. Ta gan shi sarai. Gari ne fari fat, mai shiru, kowace ƙofa da tsoho ko tsohuwa a zaune, kawuna duk furfura, ba kuka, ba guje-guje, ba wanda ya fasa tulu. Sai ga yarinya ɗaya tilo ta fito tana tafe a tsakiyar hanya. Tsohon ƙofar farko ya kira sunanta, tsohuwar ƙofa ta biyu ta amshe ta kira, haka sunan ya yi ta tafiya daga ƙofa zuwa ƙofa har ƙarshen gari, yarinyar tana waiwaye tana amsawa, ta rasa wa za ta fara zuwa wurinsa. Uwaliya ta ce a ranta, a can kam ba wanda yake da ɗan da zai ji kunyarsa, ɗan bai ma ishe su ba. Daga nan ta zarce ƙasar matan da suka rasa maza, ta ga kunyoyin gona har iyakar ganinta, mata a sunkuye, wata ta ɗago ta share gumi ta dube ta da fuskar Gwaggo. Ta ga kuma jarirai suna saukowa daga sama a hankali, kamar iri daga hannun mai shuka, nan da yawa, can kaɗan, wasu su faɗa a dausayi, wasu a kan fako, kowanne yana saukowa yana neman fuskar da za ta dube shi. Iska ta kaɗa tsamiya, 'yan ganye suka zubo mata a cinya. Abin da ya dawo da ita wata 'yar ƙara ce, ƙwas, ƙwas, ƙwayar gyaɗa tana faɗawa cikin busasshen ƙoƙo. An fara.

Allah ya yi wa matan unguwarmu dabara. Kowace ta san ta inda za ta bi da ɗan farinta ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba. Raliya matar maƙeri ta juya ƙeya, ta kai hannun hagu ta baya ta saki gyaɗarta. Wata ta zungure maƙwabciyarta ta ce, "Jefa mini guda, hannuna na ciwo." Wata ta ɗebo da yawa, ɗaya ta suɓuce cikin ƙoƙon, ta ce, "Au, wannan da kanta ta faɗa, bar ta." Ana yi ana shewa. Amma duk sa'ad da hannu ya nufi faifai sai wurin ya yi tsit, don ba a jefa waɗannan, ajiyewa ake yi a hankali, kuma mata ƙalilan ne suka tashi ba su ajiye komai a kansa ba. Malama Bilki takan ce, "Allah ya sa masu ceto ne," a amsa da amin. Maiturare ta duba ta rubuta. Mace ta kwashe na faifai ta ƙulle a gefen zane, ta rungumi ƙoƙonta ta koma wurin zamanta.

Da aka zo kan Inno, Uwaliya ta ɗago kai. Ta gyara zama, ta leƙa ta tsakanin kafaɗun mata. Kowa a unguwar ya san haihuwar Inno takwas. Ba a ce ta yi magana ba, ba a ce ta kira suna ba. Ƙwayar wake ɗaya ce kawai, ko ta baya, ko da hannun hagu, ko a ce suɓucewa ta yi. Uwaliya ta ce a ranta ko wannan ta samu ya ishe ta.

Inno ta durƙusa a natse, mayafinta har goshi. Ta ɗauki gyaɗa ta jefa, ta ƙara, ta ƙara. Samarinta uku ke nan. Ta ɗauki wake ɗaya ta jefa, autarta. Sannan ta ɗauki gyaɗa biyu da wake ɗaya ta jera a faifai, ta gyara musu zama da ɗan yatsa. Ta janye hannunta ta ɗora a cinya.

Malama Bilki ta ce a hankali, "Inna, har da na fari?"

Inno ta ƙara jan mayafi. "Abin da na sa ke nan."

Ba wadda ta yi dariya, don an san Inno, kuma a ganin mutane abin yabo ta yi. Na ji wata ma tana cewa, "Kai, Inno akwai kunya." Kunya! Har waɗanda suka koma an ƙirga su, an gyara musu zama a faifai, ita kuwa da ke zaune can da rai, da ɗa a cikinta, ba a ƙirga ta ba. Uwaliya ba ta yi kuka ba. Ta ji dai kamar in ta ɗaga hannu za ta hangi zana ta cikinsa. Inno ta ƙulle na faifai a zane, ta koma ta zauna da ƙoƙonta a cinya, idonta a ƙasa.

Mata biyu suka wuce, sai ga Gwaggo Asibi ta miƙe. An ɗauka za ta ce "babu" daga inda take, kamar yadda wata ta yi ɗazu, Malama Bilki ta ce Allah ya ba da lada, a wuce wurin da sauri don kada a daɗe a kan ciwon mutum. Amma Gwaggo ta ratsa mata har gaban kwanduna, ta dire ƙoƙonta. Ta sa hannu cikin wake ta yi ta zaɓe, kamar mai sayen zobe, har ta samo wata ƙosasshiyar ƙwaya. Ta ɗaga ta sama yadda kowa zai gani, ta sake ta. Ƙwas.

Ta ce da ƙarfi, "Mace ɗaya. Tana raye. Ga ta can jingine da zana, ita ma ta kusa."

Mata suka dubi juna. Malama Bilki baƙuwa ce, ba ta san komai ba, sai ta yi murmushi ta ce, "Ma sha Allah. Ke kika haife ta, Gwaggo, ko riƙo ne? Don riƙo ba ma sa shi."

"Riƙon me? Ni na haife ta. Ki gaya wa Maiturare ta rubuta da kyau, Asibi ce uwarta." Ta gyara ɗaurin zane, ta ƙara ɗaga murya. "Da rani ne, ba na mantawa. Ina cikin daka na ji ɗan ciwon baya, na shiga ɗaki, kafin ruwa ya tafasa ta faɗo. Ko uffan ban ce ba. Haihuwa mai sauƙi, kamar an zare gashi daga man shanu. Da yamma ma ni na ƙarasa dakana."

Maiturare ta sunkuya za ta rubuta.

"Ƙarya ne."

Muryar ba ta da ƙarfi, amma kowa ya ji ta, don ba a saba jin ta a taro ba. Inno ce. Tana zaune inda take, hannayenta sun damƙe ƙoƙo.

Gwaggo ba ta ko waiwaya ba. Ta ce, "Wa ke magana? Ni da 'yata?"

"Da marka ne." Inno ta miƙe tsaye, mayafin ya zame zuwa kafaɗa, ba ta gyara ba. "Da marka ne, ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, ɗakin yana yoyo. Kwana biyu ina durƙushe. An ba ni rubutu na sha, an ba ni saiwa, ungozoma ta fita ta gaya wa maza su fara haƙuri. Da ta fito ba ta yi kuka ba. Ni na ɗauke ta daga ƙasa na hura mata a hanci, ni, da hannuna, ba wanda ya gani, don duk kun fita kuna salati." Ta taka ta zo gaban kwandunan. Hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba. "Sauƙi? Wa ya gaya miki sauƙi? Ni na haifi Uwaliya."

Ta sunkuya ta ɗauke ƙwayar waken daga ƙoƙon Gwaggo, ta sa a nata. Sai a sannan ta ji abin da bakinta ya faɗa. Ta dubi matan da suka zuba mata ido, ta ja mayafi ta rufe fuska ruf, ta fice daga gidan da sauri, ƙoƙon a ƙirjinta.

Uwaliya ba ta san sa'ad da ta dafa zana ta miƙe ba. Sunanta ne, wanda take ji kullum a bakin kowa, amma ba ta taɓa sanin haka yake ba. Har da ɗan jan muryar nan a ƙarshe. Daɗi ya kama ta, ta yi ta maimaita shi a ranta yadda ya fito, don kada ya ɓace mata. Ɗan cikinta ya motsa, ta dafa shi tana dariya tana kuka, ba ta damu da wanda ke kallo ba.

Malama Bilki ta gane abin da ya faru. Ta yi wa Baturiyar bayani a taƙaice, aka gyara na Inno ya koma takwas. Sannan ta dubi Gwaggo, wadda har yanzu take tsaye a tsakiyar matan unguwa da ƙoƙo wayam a gabanta. Ta rasa yadda za ta yi tambayar.

Gwaggo ta hutar da ita. Ta ce, "Rubuta babu. Aure uku, babu. Ko a faifai ba ni da abin ajiyewa."

Ta ɗauki ƙoƙonta ta fita, kanta a sama.

Uwaliya ta bi ta, tana tafe tana hutawa saboda nauyi. Ta cim mata a hanyar da ta ratsa gonar dawar mai unguwa, inda zangarniya ta sunkuyo ta yi inuwa. Gwaggo ta rage sauri ba tare da ta waiwaya ba, suka jera. Daɗin nan yana nan a ƙirjin Uwaliya, amma yanzu wani abu ya zauna a kansa, don ta ga hannun da ke riƙe da ƙoƙon, hannun da ya yi mata kitso tun ba ta san kanta ba.

Uwaliya ta ce, "Gwaggo."

"Kin ji dai da kunnenki? To ki riƙe shi da kyau, don na san matar nan, ba za ta sake ba har ta mutu. Gobe ma 'ke' za ta ce miki."

"Kin san da marka ne."

"Ni da na tara ruwan yoyon a ƙwarya? Na sani mana."

"Da gangan kika yi ke nan."

Gwaggo ta tsaya. Ta juya ƙoƙon ta duba cikinsa, ta kife shi a tafin hannu. Ta yi ƙoƙarin dariyar nan tata, dariyar ba ta fito ba.

Ta ce, "Rabi da gangan, 'yar nan. Rabi kuma, wallahi, na so a ce ta yi shiru."